Injin dizal na 1.6 HDi: Ƙirarsa da juriyarsa a yanayin Kano

Injin 1.6 HDi na ɗaya daga cikin ƙananan injinan mota masu amfani da man dizal da aka fi ƙerawa a nahiyar Turai, kuma yana cikin waɗanda ke shigowa Afirka ta Yamma a jikin motocin da aka riga aka yi amfani da su.

An san injin da tsimin mai da kuma ƙarfin ja. Kazalika an san shi da saurin lalacewar turbo, idan aka yi sakaci da baƙin mai, wato man da ake juye wa inji.

A birnin Kano, wannan batu ya fi shafar masu masana'antu da dillalan da ke rarraba kayansu, waɗanda ke neman ƙaramar motar da za ta rage musu kuɗin mai. Sai dai an ƙera injin ne domin mai tsaftatacce, da iska maras ƙura, da doguwar tafiya, kuma ba kullum ake samun waɗannan abubuwa uku a Kano ba.

Dizal da masana'antun Kano

Kano na da manyan unguwannin masana'antu guda uku. Bompai ce mafi daɗewa, domin an fara kafa masana'antu a cikinta tun kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai a shekarar 1960.

Sharaɗa, wadda aka kasa gida uku, da Challawa, wadda ke kusa da kogin Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, sun bunƙasa ne a shekarun 1970 da 1980. A waɗannan unguwanni ake samun masana'antun jima, da masaƙu, da na roba, da na man girki, da na lemon kwalba da kayan abinci.

Ƙarancin wutar lantarki, tun zamanin hukumar NEPA har zuwa lokacin da kamfanin KEDCO ya karɓi aikin rarraba wuta a shekarar 2013, ya sa masana'antu da dama sun dogara da manyan janaretoci. Saboda haka da wuya a sami masana'antar da ba ta da tankin ajiye dizal, wanda jama'a suka fi sani da man gas, a harabarta.

Tun da man yana nan a ajiye, kuma manyan motocin dakon kaya da shi suke aiki, wasu kan ga cewa ya fi sauƙi a sayi ƙananan motoci masu shan dizal, irin su Peugeot Partner da Citroën Berlingo, domin kai kaya kasuwar Singa, ko Kantin Kwari, ko Sabon Gari.

Duk da haka, ƙananan motocin dizal ba su da yawa a Nijeriya in aka kwatanta da masu shan fetur. Akasarin motocin 504 da 406 da 307 da kamfanin Peugeot ya haɗa a Kakuri ta Kaduna, inda ya fara aiki a shekarar 1975, masu shan fetur ne, kuma a kansu yawancin kanikawan arewa suka koyi aiki.

Asalin injin

Wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ne ya ƙirƙiro injin da ake kira da sunansa, kuma injinsa na farko da ya yi aiki sosai ya tashi ne a birnin Augsburg a shekarar 1897. Shi kuwa turbo, wani injiniya ɗan ƙasar Switzerland mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasaharsa a shekarar 1905.

An ɗauki shekaru da dama kafin a haɗa waɗannan fasahohi biyu a ƙaramar mota. Kamfanin Mercedes ya fito da 300SD a kasuwar Amurka a shekarar 1978, yayin da Peugeot ya fara sayar da 604 mai turbo da dizal a Turai a shekarar 1979.

A shekarar 1998, kamfanin PSA na Faransa, mai ƙera Peugeot da Citroën, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Ford domin su haɗa gwiwa wajen ƙera injinan dizal. Daga wannan haɗin gwiwa aka sami injin 1.4 a shekarar 2001, sannan na 1.6, wanda ya fara bayyana a motoci a ƙarshen 2003 da farkon 2004.

An riƙa ƙera injin a garin Trémery na Faransa da kuma Dagenham a Ingila. A takardun kamfani sunansa DV6, amma Peugeot da Citroën na kiransa HDi, Ford kuma na kiransa TDCi.

Baya ga Peugeot 206 da 207 da 307 da 308 da 407 da Partner, ana samunsa a Citroën C3 da C4 da C5 da Berlingo, da Ford Focus da Fiesta, da Mazda 3, da Volvo S40 da V50. Ke nan mai Ford da mai Volvo na iya samun kayan gyara iri ɗaya da mai Peugeot.

Akwai lokacin da fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Turai masu shan dizal ne. Bayan da aka gano a watan Satumban 2015 cewa kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa, sai kasuwar dizal ta fara ja da baya, har ta sauko ƙasa da kashi 14 cikin 100 a ƙasashen Tarayyar Turai a shekarar 2023.

Wasu daga cikin motocin da Turawa suka rabu da su kan ƙare a Afirka. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 nasu Afirka aka kawo su.

Muhimman bayanai

Waɗannan alƙaluma sun shafi samfurin farko ne mai bawul 16:

- Silinda: 4, a jere
- Girman inji: cc 1,560
- Faɗin silinda: milimita 75
- Nisan tafiyar fistin: milimita 88.3
- Gangar inji: ta alminiyam, da bututan baƙin ƙarfe a cikin silinda
- Nauyi: kimanin kilo 120
- Ƙarfi: doki 90 a ƙaramin samfuri, doki 110 a babba, a juyi 4,000 cikin minti
- Ƙarfin murɗawa: Nm 215 a ƙarami, Nm 240 a babba, a juyi 1,750 cikin minti
- Matsin mai: har zuwa ba 1,600
- Baƙin man da yake ɗauka: kimanin lita 3.75
- Shan mai a gwajin kamfani: kimanin lita 5 a kilomita 100

Daga wajejen shekarar 2010 aka sauya ƙirar kan injin zuwa bawul 8, inda ƙarfinsa ya koma doki 92 a ƙarami, da 112 zuwa 115 a babba. Daga bisani aka fito da samfurin BlueHDi, mai buƙatar wani ruwa na musamman da ake kira AdBlue domin tace hayaƙi.

Yadda yake aiki

Injin dizal ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai kamar injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 18 na girmanta, ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mata mai, ya kama da kansa.

Wannan matsi mai yawa shi ne babban dalilin da ya sa injin dizal ke fitar da aiki mai yawa daga kowace lita. Shi ne kuma ya sa yake da ƙarfin ja tun yana juyi a hankali, abin da ke da amfani ga motar da ke ɗauke da kaya.

A tsofaffin injina, kamar Lista na injin niƙa ko tsohuwar tarakta, famfon ƙarfe ne ke tura mai zuwa kowane nozul, ba tare da lantarki ba. A injin HDi kuwa, famfo na tara mai a cikin wani bututu guda mai tsananin matsi, wanda dukkan injektoci huɗu ke sha daga gare shi, kuma kwamfutar mota ce ke buɗe kowanne a kan lokacinsa.

An fara sa wannan tsari a ƙaramar mota ne a shekarar 1997, a cikin Alfa Romeo 156, bayan da kamfanin Fiat ya ƙirƙiro shi, kamfanin Bosch kuma ya kammala aikinsa.

Domin a gane girman matsin, iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba biyu zuwa biyu da rabi. Man da ke cikin wannan bututu ya ninka haka fiye da sau 600, kuma yana fita ne ta wasu kafofi da faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba.

Shi kuwa turbo, farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya ta farko, ita kuma ta biyun tana cusa ƙarin iska cikin silinda, ta yadda za a iya ƙona ƙarin mai. Da haka ne inji mai lita 1.6 ke yin aikin da a da sai mai lita biyu ko fiye.

Sandar turbo na iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a cikin zafin hayaƙi mai ɗaruruwan digiri. Abin da ke raba ta da gogar ƙarfe shi ne ɗan siririn shafin baƙin mai da ke zuwa mata ta wani ƙaramin bututu. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi kawai, sandar na iya lalacewa.

Inda matsalar take

Gangar injin da fistin ɗinsa ba su cika ba da matsala ba, kuma a Turai an ga motocin tasi da na kai saƙo da suka yi dubban ɗaruruwan kilomitoci da shi. Raunin samfurin mai bawul 16 yana wajen zagayawar baƙin mai ne, kuma matsalar kan faru mataki-mataki.

A ƙarƙashin kowace injekta akwai wani ɗan zobe na tagulla da ke hana iskar ƙonuwa fitowa. Idan zoben ya saki, sai hayaƙi ya riƙa tsiyayowa, wani baƙin abu mai kama da kwalta ya taru a gindin injektar. Direba kan ji wani sauti kamar na huci, tare da warin hayaƙi a cikin mota.

Wannan datti kan sami hanyar shiga baƙin mai. Da yake injin ba ya ɗaukar mai da yawa, kuma ƙirar kaskon da ke ƙasansa ba ta barin tsohon mai ya fita duka a lokacin juye, sai man ya yi kauri, ya zama laka.

Lakar kan toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, sannan ta toshe wata 'yar ƙaramar rariya da ke cikin ƙusar bututun da ke kai wa turbo mai. Daga nan sai turbo ya fara kuka kamar jiniya, mota ta rasa ƙarfi, shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire matacce a ɗaura wani, ba tare da an magance abin da ya kashe na farkon ba. Sabon kan mutu cikin ɗan lokaci.

Don haka kamfanonin da ke sayar da turbo na wannan inji kan gindaya sharuɗɗa kafin su ba da garanti. Daga ciki akwai kwance kaskon mai a wanke shi, da sauya rariyar famfo, da sauya bututun turbo da ƙusoshinsa, da duba zoben kowace injekta, da kuma sake juye mai bayan gajeruwar tafiya.

Akwai wani haɗari da ya kamata kowane direba ya sani. Idan turbo ya fashe ya fara zuba baƙin mai cikin hanyar iska, injin na iya ci gaba da gudu a kan wannan mai, yana ruri da farin hayaƙi, ko da an zare makulli. A mota mai giyar hannu, abin yi shi ne a taka birki sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci domin injin ya mutu.

Sauran wuraren da kan ba da matsala sun haɗa da bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji kuma yakan cushe da baƙin toka, da wata gajeruwar sarƙa da ke haɗa sandunan bawul biyu a samfurin mai bawul 16. An rage yawancin waɗannan matsaloli a samfurin mai bawul 8.

Ingancin man dizal

A kowane man dizal akwai sinadarin sulfa, wanda Hausawa ke kira farar wuta. Idan ya ƙone yakan haifar da sinadari mai cin ƙarfe wanda ke gurɓata baƙin mai, yana kuma toshe na'urorin tace hayaƙi.

A Tarayyar Turai an ƙayyade sulfa a kan kashi 50 cikin miliyan a shekarar 2005, aka sake rage shi zuwa kashi 10 a 2009. A kan wannan ma'auni aka tsara injin 1.6 HDi. A daidai wannan lokaci, dokar Nijeriya ta amince da kashi 3,000 cikin miliyan.

A watan Satumban 2016, wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙasar Switzerland mai suna Public Eye ta fitar da rahoto, inda ta zargi wasu kamfanonin cinikin mai na Turai da haɗa mai maras inganci musamman domin kasuwannin Afirka.

A watan Disambar wannan shekara, Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Cote d'Ivoire suka amince su daina karɓar irin wannan mai. Nijeriya ta ce za ta koma kashi 50 daga watan Yulin 2017, amma aiwatar da hakan ya yi jinkiri.

A watan Fabrairun 2020, ministocin ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun amince da ma'aunin kashi 50 a wani taro da suka yi a Wagadugu, kuma dokar man fetur ta Nijeriya ta shekarar 2021 ta bi wannan ma'auni.

Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da dizal a shekarar 2024. A watan Yulin shekarar, an yi musayar kalamai a bainar jama'a tsakanin matatar da hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai, a kan ko man gida ne ko wanda ake shigowa da shi ya fi yawan sulfa.

Direban da ke gidan mai ba shi da hanyar auna sulfa. Abin da ke hannunsa shi ne ya tsaya a kan gidan mai guda da ya yarda da shi, ya guji man 'yan bumburutu, ya kuma rage tazarar juye.

Tankin janareta ba na mota ba ne

Man da tsohon janareta ko babbar mota za su sha lafiya, ba lallai ne ya dace da injin HDi ba. Nan ne masu masana'antu suka fi bukatar lura.

Tankin ƙarfe da ke tsaye a rana yakan yi gumi daga ciki idan gari ya yi sanyi da dare, musamman da damina. Ruwan kan kwanta a ƙasan tanki tare da tsatsa da ƙura, kuma duk lokacin da tankar mai ta zo ta juye sabo, sai dattin ya tashi.

Famfon injin HDi da injektocinsa ba su da wani abin da ke sa musu santsi sai shi kansa man dizal ɗin. Ruwa ko kananzir ko fetur da aka gauraya a ciki na rage wannan santsi. Idan famfon ya fara cin kansa, ɓarɓashin ƙarfe kan bazu cikin dukkan hanyoyin mai, kuma gyaran kan haɗa da sauya famfo, da injektoci huɗu, da wanke tanki.

Masana'antar da ke son shayar da ƙananan motocinta daga tankinta na bukatar ta sa matata mai raba ruwa a bakin famfon, ta riƙa tsiyaye ƙasan tankin lokaci-lokaci, ta kuma bar mai ya kwanta kafin a ɗiba bayan an yi sabon juye.

Ƙura, zafi da gajeruwar tafiya

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu na kawo ƙura mai laushi daga Hamada. Injin mai turbo na zuƙar iska fiye da wanda ba shi da shi, kuma ƙurar da ta tsallake matatar iska kan cinye bakin farfelar turbo, ta kuma ɓata na'urar da ke auna iska.

Busa matatar iska da famfon faci, kamar yadda aka saba, na iya huda takardarta. Sauya ta ya fi araha a kan sauya turbo.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu kuma zafin Kano kan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Kan injin na alminiyam ne, kuma idan ya yi zafi fiye da kima yana iya lanƙwasa. Zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto a maimakon ruwan sanyaya inji na haifar da tsatsa, kuma cire na'urar daidaita zafi, kamar yadda wasu kanikawa ke yi, na hana injin kaiwa zafin da kwamfutarsa ke bukata.

Matsala ta uku ita ce gajeruwar tafiya. Yawancin samfurin mai doki 110 na da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda Peugeot ke kira FAP, wasu kuma DPF. Kamfanin ya fara sa ta ne a motar 607 a shekarar 2000.

Matatar na tara baƙin toka, kuma bayan 'yan ɗaruruwan kilomitoci kwamfuta kan ƙara zafin hayaƙi domin a ƙone shi. A tsarin Peugeot akwai wani ruwa mai suna Eolys a ƙaramin tanki, wanda ke sa tokar ta ƙone a kimanin digiri 450 a maimakon 550 ko fiye, kuma ana sake cika shi bayan kimanin kilomita 120,000.

Wannan ƙonawa na bukatar mota ta yi tafiya mai ɗorewa ta kimanin minti 20. Motar da aikinta bai wuce daga Sharaɗa zuwa Singa a cikin cunkoso ba, ba ta samun wannan dama. Matatar kan toshe, kuma man da ake fesawa domin ƙonawar kan gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Fita da motar kan hanyar Zariya ko ta Wudil lokaci-lokaci na taimakawa.

Wasu kan fasa matatar su zubar da cikinta. Yin haka ba tare da an gyara lissafin kwamfuta ba na sa mota ta riƙa rage ƙarfinta da kanta. Ban da haka, hayaƙin zai riƙa fita ba tacewa, alhali a watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji.

Lissafin kuɗi

Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Bisa alƙaluman kamfani, Peugeot 307 mai injin 1.6 HDi za ta sha kimanin lita 12 a wannan tafiya, yayin da takwararta mai fetur za ta sha kimanin lita 17.

Ma'ana, muddin farashin litar dizal ya ninka na fetur sau ɗaya da rabi, to babu sauran riba a wajen mai.

Gwamnatin Nijeriya ta daɗe da janye hannunta daga ƙayyade farashin dizal, amma ta ci gaba da biyan tallafi a kan fetur. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, litar dizal ta tashi daga kimanin naira 300 zuwa fiye da 800, a lokacin da farashin fetur na hukuma bai kai naira 200 ba.

Sanarwar janye tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga watan Mayun 2023 ta rage wannan tazara ƙwarai, abin da ya sa lissafin ya sauya. Sai dai a kan kuɗin mai dole a ɗora kuɗin baƙin mai na musamman, da matatu, da kuma tsadar injekta da turbo, waɗanda akasari na hannu ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba tare da sanin tarihinsu ba.

Sauran injina irinsa

Injin 1.9 TDI na Volkswagen, mai cc 1,896, wanda ake samu a wasu motocin Golf da Passat da Sharan na shekarun 1990, yana da gangar baƙin ƙarfe da bawul 8. Samfurinsa mai doki 90 da 110 na amfani da famfo mai ƙarancin matsi, ba shi da matatar hayaƙi, don haka ya fi jure wa mai maras kyau. Sai dai ya fi ƙara da hayaƙi, kuma motocin da ke ɗauke da shi sun tsufa.

Injin 1.5 dCi na Renault, mai cc 1,461, wanda ya fito a shekarar 2001, ana samunsa a Renault da Dacia da Nissan. Shi ma yana da tsimin mai, kuma shi ma samfurinsa na farko ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar famfo da injektoci idan mai ba shi da kyau.

Magajin 1.6 HDi shi ne 1.5 BlueHDi, wanda ya fito a shekarar 2017. A shekarar 2025, kamfanin Stellantis, wanda Peugeot ke ƙarƙashinsa tun 2021, ya yi wa dubban ɗaruruwan motoci masu wannan inji kiranye a Turai saboda raunin sarƙar sandunan bawul.

Abin dubawa da abin kiyayewa

Mai son sayen mota mai wannan inji ya kamata ya tayar da ita da sanyin safiya, kafin injin ya ɗumama, domin a lokacin ne raunin injekta ya fi bayyana. A cire murfin roba da ke saman injin a duba gindin injektoci, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai laka, sannan a cire bututun iska a taɓa sandar turbo a ji ko tana lilo.

Ya kamata kuma a sa na'urar binciken kwamfuta, wadda za ta nuna halin da matatar hayaƙi ke ciki. Bakaniken da ba shi da wannan na'ura zai yi aiki ne da kintace.

Kamfanin ya tsara a riƙa juye mai duk bayan kilomita 20,000 a yanayin Turai. A yanayi mai ƙura da zafi da mai maras tabbas, ya fi dacewa a rage wannan tazara zuwa ƙasa da rabi, a kuma sauya matatar mai a kowane juye.

Man da aka tsara wa injin mai matatar hayaƙi shi ne 5W-30 mai ƙarancin toka, mai alamar C2 a jikin galan. Mai kauri irin 20W-50, wanda aka saba zuba wa tsofaffin motoci, yana jinkirin isa ga turbo idan an tayar da mota, tokarsa kuma na toshe matata.

Bel ɗin taimin, a littafin kamfani, na iya kaiwa kilomita 240,000 ko shekara 10. Amma tun da ba a cika sanin gaskiyar kilomitar motar da aka shigo da ita ba, kuma zafi na busar da roba, ya fi aminci a sauya shi tare da famfon ruwa da zarar an sayi motar. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin na iya bugun bawul.

Bayan doguwar tafiya, a bar injin ya yi kamar minti ɗaya yana aiki a tsaye kafin a kashe shi, domin turbo ya huce.

Ga motar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, ko Katsina, ko Maraɗi, wadda ke shan mai daga wuri amintacce kuma take hannun direba ɗaya, injin 1.6 HDi na iya yin shekaru yana aiki. Ga motar da ba ta fita daga cikin gari, kuma ake shayar da ita daga tankin janareta ba tare da tacewa ba, injin fetur ya fi sauƙin riƙewa.